Yadda ake cin moriyar makon share fage a horon adana gine-ginen tarihi a Amurka

Na ga yara masu ƙoƙari, waɗanda suka fi ni iya zane nesa ba kusa ba, sun samu gurbin horon sanin makamar aiki a ƙasar waje, sun tafi ana ta yi musu addu'a, sun dawo bayan wata uku da takardar shaida da tarin hotuna, amma aikin da aka ba su bai kammalu ba. Idan ka zaunar da mutum ka bi diddigi, kusan kullum a makon farko ɓarakar ta faru, makon da ake tara baƙi a yi musu bayani kafin a rarraba su wuraren aiki. Mukan ɗauki makon nan tamkar walimar maraba. Ni ma haka na ɗauke shi, kuma na ji a jikina.

Shirin da aka fi sani a wannan fanni shi ne na musayar matasan ma'aikata da reshen Amurka na ICOMOS, ƙungiyar duniya mai kula da gine-gine da wuraren tarihi, ya fara a 1984. Reshen yanzu World Heritage USA ake kiransa. Bisa al'ada horon kimanin mako goma sha biyu ne, daga wajen Yuni zuwa Agusta. Za a haɗa ku a Washinton na 'yan kwanaki, a zaga da ku ofisoshi, a yi muku lacca, sannan kowa ya kama gabansa: wani ofishin jiha, wani gidan tarihi, wani kamfanin zanen gini, Amurkawan cikinku kuma su wuce wasu ƙasashe. A ƙarshe a sake haɗuwa kowa ya nuna abin da ya yi. Abin da zan faɗa ya shafi wannan shiri da makamantansa. Yadda ake cike fom da neman takardar shaida daga malamai ba zan taɓa shi ba, wanda ya kai ga samun gurbi ya riga ya wuce nan. Abu ɗaya kawai: a 2025 Amurka ta ƙuntata biza ga ƙasashen Afirka da dama, don haka ka duba halin da ƙasarka ke ciki kafin ka kashe ko kwabo.

Na farko: takardu, a gurguje

Bizar irin wannan horo J-1 ce. Takardar da ke riƙe da ita ana ce mata DS-2019, kuma ga 'yan horo akwai ta biyu, DS-7002, wadda aka rubuta tsarin horon a ciki. Su biyun da fasfo a jakar hannu suke zama, kada ka kuskura ka sa su a akwatin da za a auna. Da ka sauka ka sanar da hukumar da ta ɗauki nauyinka don ta tabbatar da isowarka a SEVIS, rajistar gwamnatin Amurka ta ɗalibai da 'yan musaya na ƙasashen waje. Sai an yi haka neman lambar Social Security, wato lambar shaidar ma'aikaci da ake biyan albashi da haraji da ita, zai tafi daidai, kuma rashin lambar nan kan jawo jinkirin alawus. Ka buga takardar shigowa ta I-94 daga intanet ka ajiye. Inshorar lafiya dole ce, doka ta ce kada ta gaza dala 100,000 a kan kowace jinya ko haɗari. Ka nemi katin a hannunka tun a makon nan, ka tambayi asibitin da ke karɓarsa a garin da za a kai ka. Bizar ba ta ba ka damar yin wani aiki a gefe ba, komai ƙanƙantarsa. Shi ke nan maganar takardu.

Ka karanta DS-7002 ɗinka da kyau, zan dawo kanta.

Na biyu: ka san wa ke da iko da me kafin a fara lacca

Laccocin makon nan gudu suke yi. Mutum zai tashi ya yi minti arba'in yana jero gajerun sunayen hukumomi, kai kuma barcin jirgi bai sake ka ba. In ba ka zo da taswirar abin a kanka ba, sai dai ka yi ta gyaɗa kai. Ga taswirar a taƙaice.

Ginshiƙin komai dokar adana wuraren tarihi ce ta 1966, wadda ta zo bayan jama'a sun fusata da rushe-rushen da aka yi da sunan sabunta birane, musamman rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn a Niyu Yok da aka fara a 1963. Dokar ce ta kafa rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, mai ɗauke da wurare sama da 90,000, a ƙarƙashin hukumar kula da gandun daji da wuraren tarihi ta tarayya, wadda ita kuma aka kafa tun 1916. Kowace jiha tana da ofishinta na adana tarihi. Akwai kuma sashe na 106 na dokar, wanda za ka ji ana ambata har ka gaji: duk aikin da kuɗin tarayya ko lasisinta ya shiga, hanya ce ko gada ko bututu, dole hukumar ta duba illarsa ga wuraren tarihi kafin ta ci gaba.

Abin da ke rikita 'yan Najeriya da 'yan Nijar shi ne wannan: shigar gida rajistar ƙasa ba ta hana mai shi rushe shi da kuɗinsa. Mu mun saba da tunanin cewa idan gwamnati ta ayyana wuri, kamar yadda hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ke yi bisa dokar 1979, to ya shiga hannun hukuma. Can ikon hanawa na wajen ƙananan hukumomi. Birnin Charleston ne ya fara keɓe unguwar tarihi da dokar gari a 1931, kuma a irin waɗannan unguwanni ko taga za ka canza sai kwamiti ya yarda. Ita tarayya lallashi take yi da rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya gyara tsohon ginin kasuwanci bisa ƙa'ida. Na taɓa jin wani ɗan horo ya miƙe a taro yana tambayar me ya sa 'yan sanda ba su kama mai rushe gidan da ke rajista ba. Tambayar ba laifi, amma da a makon farko ya yi ta, da bai gina rahotonsa duka a kan kuskure ba.

Sai kalmomi huɗu. A bakinmu duk gyara ne: an gyara ganuwa, an gyara masallaci, an gyara zaure. A ƙa'idojin Sakataren Harkokin Cikin Gida na Amurka, waɗanda su ne littafin aikin kowa a fannin, hanyoyi huɗu ne daban, kowace da sunanta. Ɗauki tsohon zaure misali, wanda aka yi wa rufin kwano daga baya. Idan ka bar shi yadda ka same shi har da kwanon, ka tsayar da yoyo, ka toshe tsaga, wannan kiyayewa ce. Idan ka mai da shi ofis, ka ja wuta ka sa banɗaki, amma ka bar bakan gizonsa da zanen bangonsa, wannan gyara don amfani ne, kuma shi ne ke samun rangwamen haraji. Idan ka zaɓi wata shekara, ka cire kwanon da duk abin da ya zo bayanta, wannan maidowa ce. Idan zauren ya riga ya rushe ka tayar da sabo bisa hotuna da tushen da aka tono, wannan sake ginawa ce, kamar fadar gwamna a Williamsburg da ta ƙone a 1781 aka sake tayar da ita a shekarun 1930. Ka nemo sunayen huɗun da Turanci ka haddace su kamar karatun allo. Mutum ɗaya da na sani ya rubuta kalmar maidowa a shawarar da ya bayar kan wani gida, alhali kiyayewa yake nufi, aka karanta aka ɗauka yana so a cire baranda mai shekara fiye da ɗari.

Na uku: tef ɗin awo

A nan zan daɗe, don a nan na faɗi.

A 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe masu zanen gini suka rasa aiki, wani ma'aikacin hukumar gandun daji mai suna Charles Peterson ya kawo shawarar a ɗauke su su auna tsofaffin gine-gine su zana. Daga nan shirin auna gine-ginen tarihi na Amurka, HABS, ya samo asali. An ƙara na gadoji da masana'antu, HAER, a 1969, da na lambuna da filaye, HALS, a 2000. Zane-zanen suna babban ɗakin karatu na majalisar dokoki, kuma kyauta ne a intanet. Ko ba a ofishin HABS za ka yi aiki ba, akwai yiwuwar salon awonsu za a bi, domin a kansa aka horar da yawancin waɗanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsu.

A ɗaya daga ofisoshin da aka kai mu a makon share fage, an shimfiɗa mana takardun awo na fili a kan tebur: zanen fensir a takarda mai gida-gida, lambobi da jan biro. Na ga lambobi irin 8.10.4 da 12.6.0. Ɗigo biyu a lamba ɗaya. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, na ɗaga kai, na ga 'yar Turkiyya da ɗan Indiya da ke gefena sun yi shiru, sai na ce a raina kada in zama ni ne baƙauyen da bai san ƙafa da inci ba. Ai mun san su. Wa bai san bulo mai inci tara ba, ko fuloti hamsin da ɗari? Na gyaɗa kai muka wuce ɗakin gaba.

Ma'anar lambar ita ce: ta farko ƙafa, ta biyu inci, ta uku sumunin inci, wato kashi ɗaya cikin takwas, sumunin nan dai da muka sani a rabon gado. Don haka 8.10.4 ƙafa takwas ce da inci goma da sumuni huɗu, wato inci goma da rabi. Ana rubuta shi haka ne don kada alamar ƙafa da ta inci su ɓace a rubutun gaggawa. Bayanin bai kai minti ɗaya ba, da na tambaya.

Aka kai ni wani ƙaramin gari a kudancin Amurka, aka haɗa ni da tsohon gidan katako mai hawa biyu. Mu uku muke awo: ɗaya ya riƙe bakin tef, ɗaya ya karanta, ɗaya ya rubuta. Yawanci ni ke riƙe bakin tef, wata ɗalibar jami'a ce ke rubutu. Da dare in ɗauki takardun in zauna da kalkuleta in mayar da komai mita, saboda da mita aka koyar da ni a jami'a kuma da ita hankalina ke kwanciya. In na ga 8.10.4 sai in buga 8.104 in ninka da 0.3048. Ƙafa 8.104 kuwa ƙafa takwas ce da inci ɗaya da rubu'i. Awon gaskiya ƙafa 8.875 ne. Tsakaninsu inci tara da 'yan kai, kusan santimita 23 da rabi, faɗin bulo guda cur ya ɓace a bango ɗaya.

Muguntar kuskuren ita ce ba ko'ina yake da girma ba. A 8.1.0 bambancin bai kai rubu'in inci ba. A 8.5.0 inci ɗaya ne. Sai inci ya kai goma ko sha ɗaya abin ke tashi. Saboda haka zanen ya yi kama da gida, sai dai ɗakuna sun ƙi rufuwa, matakala ta ƙi sauka inda ya kamata, bangon sama bai hau kan na ƙasa ba. Ni kuma na samu hujja mai daɗi: ai tsohon gida ne, ya karkace. Na yi ta jan layi ina lallaɓawa. Kusan mako uku a haka, cikin goma sha biyu.

Ranar da asirin ya tonu, mai kula da ni, wata dattijuwa mai kimanin shekarun mahaifiyata, ta tsaya a bayana tana kallon allon kwamfuta. Ta sa yatsa a kan wata ƙofa ta ce, wannan ƙofar mutum ba zai shige ta ba sai a karkace, kai kuwa kullum ta nan kake wucewa da jaka a baya. Ta ɗauko takardar filin, ta ce in karanta mata lambar da baki. Na karanta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Na rasa amsa, don amsar ita ce kunya, kuma ban san yadda zan fassara mata irin kunyarmu ba.

To ga abin da za ka yi, kuma ban yarda da wata hanya ba. Tun a makon share fage ka shiga shagon kayan gini ka sayi tef naka mai ƙafa 25, ba shi da tsada. Ka duba shi da kyau kafin ka biya, domin akwai na injiniyoyi da aka raba ƙafarsa gida goma a maimakon inci goma sha biyu, kuma a ido kusan ɗaya suke. Ka koma masauki ka auna ɗakin da kake kwana, bango da ƙofa da taga, ka rubuta da salon lamba uku, ka zana shi, washegari ka nuna wa wani da ya iya. Kada ka mayar da komai mita. Ka saita AutoCAD ko duk manhajar da ofishin ke amfani da ita a kan ƙafa da inci, ka shigar da lambobin yadda suke. Mayarwa ita ce ƙofar da kuskure ke shigowa, kuma wanda zai duba aikinka da inci yake tunani.

Ka koyi awon jere. Ba a auna daga kusurwa zuwa taga, a ɗaga tef a auna faɗin taga, a sake ɗagawa. Ana kafa sifili a kusurwa ɗaya, a ja tef har ƙarshen bango, a karanta kowane gefen taga da ƙofa daga sifilin nan. Ta haka kuskuren sumuni ɗaya ba ya haihuwa. Kowane ɗaki a auna shi kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, sau biyu, don tsohon ɗaki da wuya ya zama murabba'i na gaskiya. Tsayi kuma ba daga daɓe ake ɗaukarsa ba, daɓen ya lotsa. Ana buga layi madaidaici a zagaye ginin, da na'urar leza ko da tiyon ruwa irin na birkilolinmu, a auna sama da ƙasa daga gare shi. Kuma idan zane ya ƙi rufuwa da fiye da inci ɗaya, kada ka ɗora wa gini laifi sai ka koma ka sake awo.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna cizo. Sikelin rubu'in inci a ƙafa ɗaya 1:48 ne, ba 1:50 ba, don haka rularka ta gida ba za ta yi ba. Takardar ofis inci 8.5 ce da 11, A4 ba ta nan. Kwanan wata da wata ake farawa: 6/7 na nufin 7 ga Yuni. Kuma hawan da muke kira na ƙasa shi ne hawa na farko a wurinsu. Na ga wanda ya sa wa hotuna sama da ɗari biyu sunan hawan da ba nasu ba.

Na huɗu: zama da mai kula da kai

Wani lokaci mai kula da kai zai zo Washinton, wani lokaci sai ka isa garin. Ko ta yaya, kada kwana biyu su wuce ba ku zauna ba. Ka zo da DS-7002 ɗin nan. Abin da ke cikinta yawanci an rubuta shi wata da watanni kafin zuwanka, da manyan kalmomi, kuma aikin gaskiya ya sha bamban. Ka tambaya: ranar ƙarshe, me zan miƙa? Zane shafi nawa, rahoto mai tsawon me, fom ɗin rajista ne ko bayanin halin da gini ke ciki? Wa zai duba, kuma yaushe? Ka roƙi a nuna maka wanda wani ya gama a bara. Bayan zaman ka rubuta abin da ka fahimta a imel ka tura. In ka fahimta ba daidai ba, a ranar za a gyara maka. Ka kuma nemi a riƙa duba aikinka duk mako, ko na minti goma sha biyar. Da na yi haka, kuskurena na kwana biyar ne.

Maganar ladabi. Dattijuwar nan na fara ce mata Madam, ta ce in kira ta da sunanta. Sai da na yi mako ina kauce wa kiranta gaba ɗaya, bakina ya ƙi. Ka daure ka kira, a wurinsu ba raini ba ne. Sunkuyar da kai da muke yi wa manya, su suna iya ɗaukarsa rashin sha'awa. Mafi haɗari shi ne "to". Mu "to" ɗinmu na iya nufin na ji, ko ina sauraro, ko ban gane ba amma ba zan katse babba ba. Su duk "to" a wurinsu na gane ne, kuma ba za a maimaita ba.

A zaman nan ne za ka faɗi maganar Juma'a da salloli, kai tsaye, tare da yadda za ka rama lokacin. Ban taɓa ganin an hana wanda ya faɗa tun farko ba. Wanda ya riƙa ɓacewa ba bayani shi ke samun matsala. A Washinton akwai babban masallaci a titin Massachusetts da aka buɗe a 1957, amma a ƙaramin gari sai ka yi bincike, wataƙila sai da mota. Ka tambayi yadda za ka riƙa zuwa aiki, domin garuruwa da yawa ba bas ba acaɓa. A kudu kuma ka riƙa tambaya kafin ka ci wake ko ganye a gidan abinci, sau da yawa da naman alade ake dafa su.

Na biyar: minti goma naka

Galibi za a ce kowa ya gabatar da kansa da aikin ƙasarsu. Kuskuren da kowa ke yi shi ne jero wurare: Sukur da ta shiga jerin UNESCO a 1999, kurmin Osun-Osogbo a 2005, tsohon garin Agadas a 2013 da hasumiyarsa mai mita 27, ganuwar Kano, Gidan Makama, hoto bayan hoto har lokaci ya ƙare ba wanda ya riƙe komai. Ka ɗauki bango ɗaya. Ka nuna yadda ake murza tubali, yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo irin na masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, yadda ake shafa makuba, da abin da ke faruwa idan aka yi wa ginin ƙasa filastar siminti: ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta narke a ɓoye, wata rana filastar ta zubo da rabin bango.

Wannan ilimi ne da suke buƙata, ba labarin ban sha'awa kawai ba. A jihar Niyu Meziko akwai gine-ginen ƙasa da yawa. Cocin San Francisco de Asís da ke Ranchos de Taos an taɓa yi masa filasta mai tauri a shekarun 1960, ta jawo ɓarna, aka cire aka koma yaɓen ƙasa, kuma yanzu duk shekara mutanen gari ke taruwa su yaɓe shi, kamar yadda ake yi wa masallacin Djenné a Mali. Ko a ginin jan bulo matsalar ɗaya ce: tsohon bulo da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaure shi, in aka cike gaɓoɓinsa da siminti sai bulon ya riƙa farfashewa. Kai ka ga wannan da idonka tun kana yaro. Kuma idan wani ya ce ginin da ake sake yaɓewa duk shekara ba na asali ba ne, ka tuna masa cewa bayan yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi an yi takardar Nara a Japan a 1994, wadda ta ce asalin abu ana auna shi ne da mizanin al'adar da ta haife shi.

Abu ɗaya da ba a cika shirya mu a kansa ba: da yawa daga manyan gidajen tarihi na kudu bayi ne suka gina su. A Mount Vernon, gidan George Washington, bayi 317 ne a 1799. Kai ɗan Afirka, wani zai juyo ya tambaye ka ra'ayinka a gaban mutane. Ka yi tunanin abin da za ka ce tun kafin ranar. Idan kuma aka ba ka zaɓi tsakanin auna babban gida da ɗakunan bayi na baya, ni na baya zan ɗauka, an fi barinsu ba awo.

Na shida: abin da ke cikin tsohon gida

Za a yi muku bayanin kariya, yawanci bayan cin abincin rana lokacin da ido ke lumshewa. Ka farka. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, don haka duk ginin da za ka taɓa ka ɗauka yana da shi. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon wa'azi: kada ka kankare fenti ba izini, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Farin abin da aka naɗe tsofaffin bututu da shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana iya zama asbesto, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, kada ka taɓa. Saman silin akwai kashin jemage da na tattabara, ƙurarsa na kawo ciwon huhu, sai da takunkumi na gaske. A ciyawa akwai kaska mai sa cutar Lyme, ƙarama ce ƙwarai, ba irin ta shanunmu ba. Ka cusa wando cikin safa ka duba jikinka da yamma. Ka sa a nuna maka wani ganye mai kunne uku, poison ivy, da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. A saman silin kan katakon ɗauka ake taka ƙafa, ba tsakaninsu ba. Takalmin aiki ka saye shi can, ka tambaya ko ofis zai biya, wasu suna biya amma sai an tambaya.

Tunda kana saman silin ɗin, ka kalli ƙusa. Ta maƙera mai kai kamar an daddaka ta fi tsufa, mai kusurwa huɗu da inji ya yanka ta mamaye ƙarni na 19, zagayayyiya irin tamu ta yau ta karɓe kasuwa daga wajen 1890. Da wannan kaɗai za ka fara gane wane ɓangaren gida aka ƙara daga baya.

Sauran

Kuɗi: farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, a yawancin jihohi ana ƙara haraji a wurin biya, kuma a gidan abinci ana barin kashi 15 zuwa 20 ga mai hidima. Alawus na farko kan makara, ka zo da abin da zai riƙe ka mako uku. Gidajen tarihi na Smithsonian a Washinton kyauta ne, ka shiga ko biyu. Wutarsu bolt 120 ce, cajar waya da ta laftof za su yi da ɗan adafta, dutsen guga da hita ka bar su gida. Ka karɓi lambobin sauran 'yan horon ku buɗe zaure a WhatsApp. Wanda aka kai wata jiha yana fama da irin matsalarka, kuma tambayarsa ta fi sauƙi.

Daga ranar farko ka buɗe littafi ka riƙa rubuta abin da ka yi kullum, layi uku ya isa, da shi za ka haɗa jawabin ƙarshe. Ka tambayi izini kafin ka sa hoton cikin gidan mutane a Facebook. Ka tambaya tun yanzu ko za a bar ka ka tafi da kwafin zanenka, don wasu ofisoshin ba sa bari. Bayan ranar ƙarshe da ke kan DS-2019 kana da kwana 30 na haɗa kaya, ba na aiki ba, kuma ka duba ko an buga maka sharaɗin komawa gida na shekara biyu a bizar. Tef ɗin ka dawo da shi. Nawa yana nan a aljihun tebur, da 8.10.4 da na rubuta a bayansa da jan biro.